Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Nasiha Ga Mai Ƙara Amfilifaya a Mota



Na ga irinka da yawa a ƙofar garejina. Saura kwana biyu Sallah, ko kwana uku ɗaurin auren aboki, sai ga saurayi ya tsayar da mota, ya buɗe but, ya fito da kwalaye biyu sababbi fil, bakinsa har kunne. Ɗaya amfilifayar sifikokin ƙofa ce, ɗaya ta wufa. Ya ce, "Baba, a haɗa mini su yau ɗin nan, so nake in na shigo layi a san na shigo." In na ce ina waya, sai ya miƙo mini wani ƙunshi mai sheƙi da aka ba shi gyara a shagon da ya yi sayayya. In na ce altanetar motarka amfiya nawa take bayarwa, sai ya sosa ƙeya.

Ban zo in raba ka da sauti ba. Ni ma na yi ƙuruciya. Na fara riƙe sifana a zamanin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika titunanmu, lokacin da rediyo mai kaset da sifika biyu su ne ƙarshen gayu, kuma har gobe na san daɗin tsabtataccen sauti a doguwar tafiya. Magana ɗaya nake so ka riƙe: amfilifaya ba ta haifar wuta, ci take yi. Duk wadda ka ƙara, baki ka ƙara a gida, magidanci mai hankali kuwa rumbunsa yake leƙawa kafin ya ƙara baki.

Ga dalilin da ya sa nake tsanantawa. Shekaru da yawa baya, lokacin ina ganin hannuna ya faɗa, wani yaro ya kawo mini motar yayansa ranar Alhamis da la'asar, Asabar za su kai amarya. Motar tana da amfilifaya ɗaya, yana son ta biyu. Na ja sabuwar waya daga batir, na zura ta ta wata huda da na samu a ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, na shimfiɗa ta ƙarƙashin kafet har but. Gidan fiyus ya ƙare mini, magariba ta kawo jiki, shi kuma yana ta duban agogo. Na ce ya tafi, Litinin ya dawo in sa masa. Sauti ya tashi raɗau, yaro ya yi godiya har da ƙari a kan abin da muka yi ciniki.

Asabar da daddare aka buga mini ƙofa. Suna cikin jerin gwano a wata hanya marar kwalta, mata huɗu a motar, ɗaya da goyo, sai suka ji warin roba. Kafin direba ya gama tsayawa hayaƙi ya turnuƙe daga wajen ƙafafun wadda ke gaba. Allah ya tsare, kowa ya fita da ransa, sai dai ita ta gaban ta ƙone a ƙafa. Motar kuwa ƙarfe kawai aka kwasa. Da gari ya waye na je na tsuguna a gabanta, na sa yatsa a bakin hudar nan, na ji kaifi kamar wuƙa. Gargadar hanya ce ta yi ta goga wayar a bakin ƙarfen har robar ta yanke, jan ƙarfe ya taɓa bodi, batir ya zuba duk abin da ke cikinsa a lokaci ɗaya. Mutane suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma na san abin da hannuna ya bari: fiyus ɗaya da zoben roba ɗaya, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

To, mu fara da rumbun. Da yawa suna zaton batir ne ke ciyar da kayan wutar mota. Batir ajiya kawai yake yi. Gonar ita ce altaneta. In inji yana aiki, ita ke riƙe wutar mota a tsakanin bolt 13.8 da 14.4, ta ciyar da fitilu, da fanka, da esi, da famfon mai, sannan ta mayar wa batir abin da aka ɗiba wajen tayar da mota. Altanetar yawancin ƙananan motocinmu tana ba da amfiya 70 zuwa 100, ko sama da haka kaɗan, kuma motar ita kanta tana iya lashe rabin wannan da dare in fitilu da esi suna kunne. A cikin gosulo kuwa, inji yana silo, ba ta ma kai abin da aka rubuta a jikinta. Abin da ya yi saura bayan mota ta ci nata, shi ne naka.

Lissafin ba shi da wuya. In ka ninka bolt da amfiya, wat zai fito. Sai dai amfilifaya ba ta mayar da duk abin da ta ci ya zama sauti, wani kaso zafi yake komawa. Wadda aka rubuta wa Class D tana amfana da kimanin kashi 80 cikin 100, wadda aka rubuta wa Class AB kuwa kashi 50 zuwa 60. Ɗauki ta wufa mai wat 1000, irin ta farko: in ta buɗe baki gaba ɗaya za ta ja kusan amfiya 90. Ta ƙofofi mai hanya huɗu, kowace hanya wat 75, irin ta biyu, za ta ja kusan amfiya 40. Ka ga 130 ke nan, a motar da altanetarta ba ta wuce 90 ba. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wannan a kowane lokaci, yana hawa yana sauka, amma duk sanda ganga ta buga, bashi ake ci a wurin batir, kuma bashin da ba a biya taruwa yake yi. In lissafi ya gundure ka, ga hanya mai sauƙi: duba fiyus ɗin da ke jikin kowace amfilifaya, ka haɗa lambobinsu. Jimillar za ta nuna maka iyakar abin da za su iya nema.

Wannan fiyus ɗin kuma shi ke tona asirin kwali. Za ka ga an rangaɗa wat 5000 da manyan baƙaƙe, an bi shi da PMPO ko MAX. Juya ta ka duba: in fiyus biyu ne masu amfiya 30, iyakar abin da zai shiga cikinta amfiya 60 ne, a bolt 14 kuwa wat 840 ke nan, tun kafin a cire rabon zafi. Abin da bai shiga ba ta ina zai fito? Lambar da aka bi da RMS ita ce ta gaskiya, da ita za ka yi ciniki, da ita za ka yi lissafi.

Motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba ta ɓoye kukanta. Fitilun gaba za su riƙa lumshewa tare da bugun ganga. In ka ɗora mitar auna wuta a bakin amfilifaya, inji yana aiki, kiɗa yana tashi, ka ga wuta tana faɗuwa ƙasa da bolt 12.6, to rumbu ake ci. Za a ce maka ka sayi kafasita, ko ka ƙara batir. Kafasita tana taimakawa ne na ƙiftawar ido, batir na biyu kuma ƙarin rumbu ne wanda gonar nan guda ɗaya za ta cika. Magani biyu ne. Ko dai ka sa altaneta mai ƙarfi, tare da ƙara kaurin wayoyi uku: wadda ta tashi daga altaneta zuwa kan batir mai alamar tarawa, wadda ta tashi daga ɗaya kan batir zuwa bodi, da wadda ta haɗa inji da bodi. Ko kuwa ka rage buri, ka sayi abin da motarka za ta iya ciyarwa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Na biyun ba abin kunya ba ne, kuma shi na fi ba mutane shawara.

Sai waya, inda aka fi cutar yara irinka. Ana auna kaurinta da geji, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 4 ta fi geji 8, geji 0 ta fi su duka. Ma'aunin da masu sana'ar nan suka saba bi, a wayar jan ƙarfe zalla, shi ne geji 8 ta ɗauki kimanin amfiya 50, geji 4 kimanin 125, geji 0 kimanin 250. Daga batir zuwa but ya kai mita 5 a mota madaidaiciya. In ka tura amfiya 100 ta wayar geji 8 mai wannan tsawo, bolt ɗaya cur zai salwanta a hanya, kuma wayar za ta riƙa fitar da zafin wat 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarkin nan da ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne, a shimfiɗe ƙarƙashin kafet ɗinka. A geji 4 zafin ya sauko wat 40, a geji 0 kuwa bai kai 20 ba. Ka kuma sani zafin waya ba ya bin wuta taku da taku: in wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa wayar da ta yi shekara tana ɗaukar amfilifaya ɗaya lafiya lau, ranar da aka rataya mata ta biyu take fara wari.

Kaurin roba ba shi ne kaurin waya ba. Akwai wadda in ka gan ta a shago kamar rake, in ka yanka sai ka tarar roba ce ta cika ta, zaren cikin bai fi tsinke ba. Akwai kuma alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin cin tsatsa a mahaɗa. Gwada ta a gaban mai shago. Ɗaga ta ka ji nauyinta, ta jabu ba ta da nauyi. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka san abin da ka riƙe. Ko ka kanga masa wutar ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam zai lanƙwashe ya zube. In ita kaɗai aljihunka zai iya, to ka hau zuwa gejin da ya fi kauri. Araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa har rai take ci.

Yanzu fiyus, kuma a nan nake so ka ba ni kunnenka duka biyu. Fiyus ɗin da ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake tsaro. Doguwar wayar da ta ratsa motarka daga gaba zuwa baya tana buƙatar nata mai gadi, kuma wurinsa kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, wato inci 18, in ya fi haka kusa ma ya fi. Duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da kariya, shi ya sa ake gajarta shi. Batirin mota yana iya zuba ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa in waya ta taɓa bodi, kuma kashe mota ko zare makulli ba ya tsayar da shi. Girman fiyus kuwa da kaurin waya ake auna shi: kada ka sa mai amfiya 150 a kan geji 8, domin wayar za ta narke fiyus yana zaune lafiya. In fiyus ya ƙone, magana ya yi maka, ruwa ba ya tsami banza. Nemi dalili. Wanda ya naɗe ƙonannen fiyus da zaren waya ko takardar kwalin sigari don kiɗa ya ci gaba, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Yadda ake ciyar da amfilifaya biyu ko uku shi ne a ja babbar waya guda ɗaya, wadda za ta iya ɗaukar jimillar abincinsu, daga batir zuwa but. A can sai ta shiga mararrabar wuta, wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai murfi wanda ke karɓar waya ɗaya mai kauri ya fitar da biyu ko uku. Ka nemi mai gidan fiyus a kowane reshe, domin duk inda waya ta rage kauri, babban fiyus na gaba ya yi mata yawa, tana buƙatar nata daidai ita. In ka ga dama ka ja wa kowace amfilifaya tata wayar tun daga batir, ba laifi, muddin kowace da fiyus ɗinta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsotso wutar ta biyu daga bakin ta farko, ko a feɗe cikin waya a murɗa wata a kai a naɗe da baƙin salatif. Mahaɗar da ba ta ɗauru ba zafi take yi, salatif kuwa zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya kwance shi. A sa wa kowane kan waya zoben ƙarfensa, a matse shi tam, a ja da hannu a ji bai motsa ba.

Kafin a taɓa komai, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, shi ne farkon cirewa, shi ne ƙarshen mayarwa. A cire zobe da agogon ƙarfe. Duk hudar da waya za ta bi, a sa mata zoben roba. A nisanta ta da salansa, da fambel, da birki da totur, da ƙarfen da kujera ke zamewa a kansa. In za a huda ƙasan but, a tsuguna a leƙa ƙarƙashi tukuna, domin tankin mai da bututun man birki a nan suke kwance.

Wutar da ta tafi sai ta dawo, kuma ta jikin mota take komawa batir. Saboda haka wayar bodi ba ƙanwar wayar wuta ba ce, tagwaye ne, kaurinsu ɗaya. Ta zama gajera, ita ma kada ta wuce kamu. A samu ƙarfe mai kauri na ainihin jikin mota, a goge fenti da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti, sannan a shafa ɗan fenti ko giris a kai saboda tsatsar damina. Kada a ara notin bel ɗin kujera, wannan an yi shi ne don ranar haɗari. Amfilifayoyin duka su sauka a wuri ɗaya, ko dab da juna. In ɗaya ta sauka a dama ɗaya a hagu, ƙarfen da ke tsakaninsu yakan haifar da ɗan bambancin wuta, bambancin ya bi wayar sauti, sai ka ji wani siririn kuka a sifika kamar na sauro, in ka taka totur ya ƙaru, in ka saki ya ragu. Na ga waɗanda suka canza rediyo, suka canza amfilifaya saboda wannan kukan, alhali maganin samfefa ne da noti ɗaya.

Akwai wata siririyar waya shuɗiya mai farin layi da ke fitowa daga bayan rediyo. Ita ce ɗan aike, ita ke gaya wa amfilifaya ta farka ko ta kwanta. Kada a rikita ta da shuɗiya zalla, wadda a rediyoyi da yawa ta eriya ce, in ka bar tasha ka koma waƙoƙin wayarka sai ta ɗauke. Wutar da ɗan aiken nan ke iya ɗauka kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai amfiya ɗaya ba. Amfilifaya biyu zai iya tashinsu, amma in sun kai uku, ko an ƙara fanka da fitilun ado, a sa rile: ƙafa mai lamba 86 ta karɓi shuɗiyar wayar, 85 ta tafi bodi, 30 ta ɗauko wuta ta ƙaramin fiyus, 87 ta kai wa amfilifayoyi. Kuma kada a yarda a haɗa bakin ɗan aike da babbar wuta kai tsaye don gudun jan waya, domin amfilifayar ba za ta ƙara barci ba, da safe kuwa sai an tura ka.

Wayoyin sauti, masu kai ja da fari da ake kira RCA, su bi ɗaya gefen motar, babbar wuta ta bi ɗaya. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce. In rediyonka yana da baki uku, na gaba da na baya da na wufa, kowa ya kama nasa. In baki ɗaya gare shi, duba ko amfilifayar farko tana da mafitar da ke miƙa sauti ga ta biyu. Sannan a raba aiki: sifikokin ƙofa a tace musu duk abin da ke ƙasa da Hz 80, wufa kuma a bar mata daga nan zuwa ƙasa. Amfanin amfilifaya biyu ke nan tun asali, kowa ya ɗauki kayan da ya dace da wuyansa.

Kada ka manta da om, ma'aunin da ya samo suna daga Bajamushen nan Georg Ohm, wanda ya bayyana dokar tafiyar wuta a 1827. Sifika biyu masu om 4, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 2. In ka jera su ɗaya na bin ɗaya, sun zama om 8. Duk sanda om ya ragu, wutar da amfilifaya ke ja ƙaruwa take yi. Kowace tana da iyakar da aka rubuta mata, kuma in an haɗe hanyoyinta biyu su zama ɗaya don ƙarin ƙarfi, yawancinsu ba sa jure ƙasa da om 4. Karanta takardar da ta zo a kwali kafin ka jefar.

Ɗan makunnin nan da aka rubuta wa GAIN ya kashe sifikoki fiye da ruwan sama. Yara suna ɗaukarsa abin ƙara murya, su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita abin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya za ta iya. In ya wuce ƙima, sauti yakan tsage, ya yi kaushi, zaren cikin sifika ya gasu har ka ji ƙauri. Ga yadda ake yi da mita: a cire sifika, a kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, a sa sautin gwaji mai amo ɗaya. In amfilifayar wat 400 ce a om 4, ninka su ka samu 1600, nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka, wato 40. A murɗa a hankali har mita ta nuna bolt 40 a ɓangaren AC, a tsaya nan. Sannan ka ba su iska. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, but tanda ce. Kada a kife su, kada a jibge su a kan juna ba tazara, kada a rufe su da darduma ko buhun shinkafa. Tukunyar kashe gobarar da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, ka ajiye ta inda hannunka zai kai, mai aiki, ba ta nuna wa jami'i kawai ba.

Saura abin da ba a sayarwa a kasuwar Sabon Gari ko ta Ƙofar Ruwa, wato kunnenka. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal. Mota mai amfilifaya biyu, gilashi a rufe, tana wuce wannan ba tare da ta yi gumi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke kama sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. In ka fito daga mota ka ji kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. In akwai yaro a kujerar baya, tuna shi ya fi kowa kusa da wufa, kuma bai san yadda zai ce maka ya isa ba. Direban da ba ya jin ham, ba ya jin jiniyar motar asibiti, ba ya jin ƙarar tayarsa, rabin direba ne.

Hanya kuma ba taka ba ce kai kaɗai. A layin da kake so a san ka shigo akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai mai jego da ta sha wuya kafin jariri ya yi barci, akwai masu sallah, akwai almajirai a gaban allo. Haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don kana cikin mota. Buɗe sautinka a doguwar hanya, in ka shigo gari ka sassauta, in ka ji kiran sallah ko ka zo asibiti ko gidan makoki ka kashe. Mutunci ake so a san mutum da shi in ya shigo unguwa.

In kuwa kai ɗan koyo ne a wannan sana'a tamu ta rewaya, to nauyin ya fi yawa a kanka. Mai mota bai san abin da ka binne ƙarƙashin kafet ba, amana ya ba ka, kuma matarsa da 'ya'yansa a kan aikinka za su zauna. In ya matsa maka da sauri, gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya. In ya ƙi sayen waya ta gari da fiyus, mayar masa da kwalayensa cikin girmamawa. Kuɗin aikin da ka rasa a ranar Allah zai musanya maka.

Guntun wayar nan da ta narke, na yanko ta daga ƙonanniyar motar tun a wancan lokaci, tana nan rataye a ƙusa a bangon garejina, baƙa, a dunƙule. Duk yaron da ya zo koyon aiki, ita nake fara ɗora masa a tafin hannu kafin in ba shi sifana. Kai ma in ka tashi kawo kwalayenka, zo da saura sati guda, ka zo da haƙuri, mu buɗe bonet mu karanta abin da aka rubuta a jikin altaneta tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da abin hawanka, ya kai ka gida lafiya duk inda ka nufa.